Akuya Mai Ƙiba a Shekarar Anza

Na ji abin da kuka ce shekaranjiya a gindin dogon-yaro, kuna zaton kunnena ya mutu. Wai mene ne aikin Baba Habu in ban da ya kama igiya, ya buɗe bakin akuya, ya ce albarka. Wani a cikinku har ya ce da waya ma a yi shi. To, tun da ku 'yan coci suka ɗauka za ku riƙa bin ƙauyuka da babura kuna raba wa baƙi awaki, ku samu wuri ku zauna. Ni ƙafata ta gaji, kuma ba na so a sake yin abin da aka yi a gabana.

A hannun kawuna Mamman na koyi dillanci, nan kasuwar Tanout. Na yi shekaru ban sa baki a ciniki ba. Igiya nake riƙewa, in kafa turke, in ɗebo ruwa, shi kuwa yana nuna mini kashin awaki da bakin sandarsa yana tambayata wacce ce ta yi wannan, kuma me ke damunta. Ranar da ya fara barina in zaɓa da kaina, na jawo wata mai tumbi kamar tulu, ina ta washe baki. Kawu ya danna cikinta da gwiwa, muka ji ruwa yana motsi. Ashe mai ita kanwa ya ba ta tun da safe, ya kai ta rijiya ta sha har ta kasa. Bai zage ni ba. Ya dai sa na zauna kusa da ita har la'asar ina kallon tumbin yana sacewa.

Kayan aikinmu ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su: igiyar kaba, sanda, turke, sai hannu. Hannun shi ne aikin. Ka buɗe baki ka ga haƙora, ka san shekarunta. Ka ja fatar ido ka leƙa ciki, in ta yi fari akwai tsutsa ko jini ya ƙare. Ka matsa hantsa, don akwai masu barin akuya ba tatsa har ta kumbura a ce mai nono ce. Ka ɗaga kofato, ka shinshina hanci, ka duba shaidar kunne, domin in ta sata ce kai za a kama, mai ita ya daɗe da shigewa daji. Bayan dabba sai mutum. Bafulatani ba ya faɗin kuɗi, gefe yake kallo kamar ba shi ya kawo ta ba. Buzu kuwa sai ya dafa shayi ya bar ka a tsaye, ya ga ko za ka gaji kafin shi. Matar manomi ita ta fi wuya, don ba ta kawo akuya kasuwa sai abu ya ci tura a gida, kuma kana gani a idonta.

Haka nake har shekarar da mutanen bakin tafki suka fara isowa daga wajen Najeriya, faɗa ya koro su. Wasu a saman kamyo, manyan motocin kayan nan, wasu a ƙafa, yawancinsu mata da yara. Wani mai gari a gabashin Ollelewa ya ba su wuri a gefen kwari suka kafa bukkoki. Masunta ne da masu bandar kifi. Sai ka ga mace ta leƙa rijiyarmu ta ɗago kai tana tambaya wai ina ruwan yake. Ba su san karangiya ba sai da ta ci ƙafafun 'ya'yansu.

'Yan coci na Damagaram suka turo wani mutum da tamfol da tukwane da hatsi. Malam Yohanna sunansa, Bahaushe ne daga wajen Maradi, Kirista, gajere mai yawan gumi. Shi ya zo har turkena ya ce awaki yake so ya saya wa baƙin, don hatsi yana ƙarewa amma akuya tana haihuwa. An yi ta surutu a gari, wai ko akuyar coci ta halatta. Liman ya ce shi dai bai taɓa ganin akuya ta shiga coci ko masallaci da niyyar ibada ba, a karɓa. Ni kuma na sa wa mutumin ido, don ban yarda da shi ba da farko, ban kuwa taɓa jin ya yi wa kowa wa'azi a kan igiya ba. Jajayen awakin ƙasarsu ya so mu saya. Na ce masa gajerun ƙafafu ba sa kai wa rijiya a nan ƙasarmu ta Damargu, sai dogayen nan na Buzaye. Ya ce, “Malam Habu, kai ka san ƙasarka.” Shi kuma ya nace a hannun mata za a sa igiya, ba maza ba. Na yi masa gardama, daga baya na ga gaskiyarsa, don 'yan mazan da aka ba sun sayar sun yi kuɗin mota zuwa Agadas.

Awakin ba su isa kowa ba. Ardon Fulanin da ke kiwo kusa da su shi ya kawo shawara a yi habbanaye, yadda makiyaya ke yi tun kakanni. Mai dabba ya ba wanda ba shi da ita mace, ya riƙe, ya sha nono, ta haihu sau biyu 'ya'yan su zama nasa, sannan ya mayar da uwar. A nan sai aka ce maimakon ta koma wa coci, uwar ta wuce gidan baƙin da ke jira. Kowa ya ji daɗin wannan. Ranar rabo aka taru a fili, Ardo ya miƙe ya yi magana mai kyau ƙwarai. Ya ce, “Dabbar habbanaye ta fi taka. Amana ce. Kai ka kwana da ƙishi, ita kada ta kwana da shi. Wanda ya wulaƙanta ta ba ya sake ɗaga kai cikin mutane.” Matan suna ta gyaɗa kai.

Akwai sauran magana da bai faɗa ba, kuma ku buɗe kunnenku a nan. Duk yaron Damargu ya san in shekara ta ɓaci, dabbar habbanaye ta kama hanyar mutuwa, yanka ta kake yi, iyalinka su ci nama, ka kai wa mai ita kunnen da ke da shaida. Ya ce Allah ya mayar da alheri, magana ta ƙare, ba a bin ka komai. Amma ba a faɗin wannan ranar ba da dabba. Rashin ta-ido ne ka miƙa wa mutum igiya kana ambaton mutuwarta, kamar kana yi mata baki. Ardo bai faɗa ba, mai gari bai faɗa ba, mu da ke tsaye duka ba wanda ya ji akwai abin da ya rage. Malam Yohanna ɗan manoma ne, shi ma rabin ya sani.

Wata farar akuya mai baƙin wuya na saya a kasuwar Belbeji, tana cikin mafi kyau da na taɓa riƙewa, ita ta faɗa hannun Falmata. Doguwar mace ce, Hausarta da harshen Barebari a ciki, mijinta ya rage a can bakin tafki, ba ta taɓa faɗin yadda aka yi ba. Tana goye da 'yarta Yagana, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Ta karɓi igiyar da hannu biyu ta ce, “Baba dillali, ta ina ake fara tatsarta?” Muka yi dariya, na durƙusa na nuna mata. Wadda za ta karɓi akuyar bayanta maƙwabciyarta ce, tsohuwa Ya Kolo, mai jikoki marayu. Ita ta taya ta goyon Yagana a hanyar gudu.

Shekarar farko ta yi kyau. Akuyar ta haifi tagwaye, nono ya wadata, Yagana ta yi kumatu har tana bin awaki da tsinke tana yi musu tsawa. Duk lokacin da na biya ta can sai Falmata ta kawo mini nono a ƙwarya, wai in ɗanɗana aikin hannunta.

Ta biyu ita ce mugunyar. Ruwa ya fara da kyau, aka yi shuka, aka yi noma, sai ya ɗauke daidai lokacin da gero ke shirin fitar da kai. Ya tsaya a gona ya bushe a tsaye. Ciyawa ba ta kai idon sawu ba. Makiyaya suka yi kudu tun kaka ba ta ƙare ba, waɗanda suka yi jinkiri suka cika kasuwa da dabbobin da ba mai taya su. Na ga mutum ya saki tumakinsa a bakin kasuwa ya juya baya don ba zai iya kallon mutuwarsu ba. Mata suka shiga daji ɗiban anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci, a jiƙa, a zubar da ruwan, a sake jiƙawa har ɗacin ya ragu a samu abin sa wa ciki. Hatsin da coci ke rabawa ya ragu, don sababbin baƙi sun ƙaru kuma buhu bai ƙaru ba. Na ji labari Falmata ta sayar da tagwayen, ban yi mamaki ba, nata ne, kowa ma haka ya yi.

Da bazara ta yi tsanani Malam Yohanna ya kira ni ya ce, “Malam Habu, awakin nan mutuwa za su yi a banza. Ka ɗauki mahauci ku bi tungayen, duk wadda ba za ta kai damina ba a yanka, a shanya naman, a raba wa masu ita.” Aikin da na fi ƙi ke nan a duk dillancina. Ka zo ka taɓa akuyar da kai ka zaɓa, ka ji ƙashi kawai cikin fata, ka ce wa mahauci kawo wuƙa. A tunga biyu na farko, na mutanen ƙasa da su ma aka ba awakin coci, ba mu sha wuya ba, har godiya suke yi. Da muka isa wurin mutanen tafki da hantsi sai muka tarar da abin mamaki. Ba wadda ta yarda a taɓa tata. Kowace ta rungume igiya ta ce tata lafiya lau take, alhali ga ta tana tauna tsumma da gefen tamfol.

Na zagaya bayan bukkar Falmata, sai ga farar nan a inuwa, gashinta yana sheƙi, bayanta a cike. Wallahi da farko daɗi na ji, irin daɗin mai sana'a da ya ga zaɓinsa ya yi kyau. Kafin in kai hannu sai na tsaya. A shekarar da babu ko kara a ƙasa, akuya ba ta ƙiba da iska. Na duba ƙwaryar da ke gabanta. Ba dusa ba ce. Gero ne tsaba, an jiƙa shi.

Na ce, “Falmata, ina Yagana?”

Ta ce, “Tana ciki, Baba. Barci take, zafi ne.”

Na sunkuya na shiga. Yarinyar tana kwance a kan buhu, idonta a buɗe. Gashinta ya yi ja ya kakkarye, ƙafafunta sun kumbura. Na danna da babban yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ƙudaje suna bakin idonta ba ta kora, kuma ba ta yi kuka ba da ta ga baƙo.

Na fito na ce, “'Yata, me kike ba yarinyar nan?”

“Anza muke ci ni da ita. Ta saba, ba ta tofarwa yanzu. Ina yi mata kunu kaɗan in an yi rabo.”

“Geron rabon fa?”

Ta kalli akuyar.

Na ɗaga murya, abin da ba na yi wa mace. Na ce, “Kin haukace ne? Dabba za ki ba hatsi 'yarki tana kwance?”

Ba ta yi fushi ba. A hankali ta ce, “Baba, a wajenmu in uban gida ya ba ka kwalekwale da komar kamun kifi, ruwa ya cinye, ba ya tambayar ko iska ce. Ubana ya rasa kwalekwalen wani, aka karɓe gidanmu ina yarinya. Can ƙasarmu ce ma, muna da dangi. Nan fa? Ƙasar mutane, akuyar mutane, kuma Ardo ya faɗa a gaban kowa. In ta mutu a hannuna aka ce mu tashi, ina zan kai Yagana? Ga Ya Kolo tana jira da marayu, da wane ido zan dube ta?”

Ban tsaya bayani ba, na ce ta ɗauko yarinyar yanzu-yanzu. Ta goya ta, muka kama hanyar amalanke, sai ta ja ta tsaya ta ce, “Akuyar fa? Wa zai ba ta ruwa?” Ya Kolo ce ta fito ta karɓi igiyar tana kuka, ta ce, “Tafi, don Allah tafi.” Amalanke ya kai mu bakin hanya, muka samu mota zuwa Tanout.

A gidan likita sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Suka sa mata roba a hanci, suna ba ta madara kaɗan-kaɗan. Malam Yohanna ya zo da kansa ya zauna a baranda, duk abin da aka ce a sayo ya sayo. Yagana ta yi 'yan kwanaki, har wata safiya ta kama yatsan uwarta muka ce an samu sauƙi. Washegari ta rasu. Malam Yohanna ne ya sayi likkafani. Da muka tsaya yi mata salla ya koma gefe da hularsa a hannu, ya jira muka gama, sannan ya bi mu har maƙabarta.

Da na gaya wa Ardo abin da Falmata ta ce, sai ya ce, “Ban taɓa zaton akwai ɗan Adam da bai san wannan ba.” Shi da Malam Yohanna suka koma tungar, Falmata tana gidana cikin iyalina ana karɓar gaisuwa, suka tara matan suka faɗa musu sauran maganar, ta yanka da kai kunne. Matan suka saurara, suka yi godiya, suka watse. Ko akuya ɗaya ba a yanka ba. Ashe sun ɗauka gwaji ne, ana so a ga wadda za ta ci amana a kore ta. Da aka bi bukka-bukka aka tarar ba Falmata kaɗai ke raba hatsin yara da dabba ba, ita dai ta fi kowa riƙe abin da gaske.

Shi ya sa nake ce muku aikin ba a bakin akuya yake ƙarewa ba. In kun shiga gida, ku nemi yara kafin ku nemi turke. Ranar rabo kuma ku faɗi maganar duka, da mutuwa da yanka da kunne, ko dattawa sun ɓata rai sun ce ba ku da kunya. Ku faɗa da Hausa, ku sa a faɗa da Barbarci, ku sa wata a cikinsu ta maimaita muku da bakinta.

Falmata ta koma tunga ta kai wa Ya Kolo akuyar, ta ce ko ba ta cika haihuwa biyu ba ta karɓa. Tsohuwa ta ce ba za ta iya ba jikokinta nonon wannan ba. Malam Yohanna ya aika ya ce Falmata ta riƙe, ta zama tata har abada. Ta ce ba ta so. Ranar kasuwa ina turkena sai na hango ta tafe a ƙafa, tana jaye da ita, mata da yawa daga tungar suna biye da ita da goyonsu. Ta ɗaure ta a turkena ta koma gefe ta zauna a ƙasa. Allah ya sani na tsani akuyar nan a ranar, ita kuwa ba ta da laifin komai.

Nan da nan aka yanyame ta, don babu irinta a kasuwa duka. Wani mahauci ya shafa bayanta ya ce, “Kai, Habu! Wannan me ta ci a shekarar nan?”

Na ce, “Abincin wata yarinya.”

Ya ɗauke hannunsa ya wuce. Sauran ma suka ja baya.

Sai Falmata ta ce, “Baba dillali.”

Na ce, “Na'am, 'yata.”

“An ce Ardo ya zo ya yi wata magana ba na nan. Ni ban ji da kunnena ba. Kai ka sa mini igiyar nan a hannu, kai zan tambaya, kuma ka faɗa mini tsakaninka da Allah. Da na yanka ta na ba Yagana, da gaske ba za a kore mu ba?”

Dillali ne ni, na iya gyara magana, da ita nake ci. Na so in ce mata da an kore ku, 'yata, ba ki da wata hanya, ta samu abin da za ta riƙe ta yi barci. Har na buɗe baki. Sai na ga matan da ke bayanta duk sun zuba mini ido, kowace da yaro a baya da akuya a gida, abin da suka yi tattaki su ji ke nan.

Na ce, “Ba wanda zai kore ku. Kunne kawai za ki kawo.”

Ta ce, “Kunne kawai?”

Na ce, “Kunne kawai.”

Ta ce, “To.” Ta miƙe, ta kai hannu baya za ta gyara goyo, ta tuna, ta sauke hannun.